Yadda ake gano ƙwayoyin zawon tumaki da tantance irinsu ta hanyar DNA, daga turke har ɗakin gwaji

Ɗan rago mai kwana goma, wutsiya da cinyoyi sun jiƙe da zawo launin ƙwaiduwa, ido ya faɗa, ya daina bin uwarsa. Mai shi wata dattijuwa ce a gefen garin Garwa, tumakinta ba su kai ashirin ba, a bayan ɗakin girki take ɗaure su. Ta riga ta ɗura masa maganin tsutsa, ta sa an yi masa allurar da aka sayo a kasuwa, amma abin sai gaba yake yi. Ta ce mini, "Ɗana, wannan ne na uku a watan nan. Tsutsa ce, ko nonon uwar ne ya ɓaci?" Na ce, "Inna, ɗan kwana goma tsutsa ba ta kai ga yi masa haka ba tukuna. Bari mu ɗebi kashin mu duba." Ina cikin sa safar hannu sai na hangi jikanta, yaro mai rarrafe, yana wasa da ƙasa dab da turken. Nan tambaya ta zama biyu: me ke kashe 'yan tumakin, kuma shin abin yana kama mutum? Madubin ƙara girma yana iya amsa ta farko. Ta biyu sai an karanta DNA, wato rubutun gado da ke cikin ƙwayar kowace halitta, wanda masu Faransanci ke kira ADN.

Abin da ake nema halittu ne masu ƙwaya guda, ba tsutsa ba, ba kuma bakteriya ba, shi ya sa ibamektin na tsutsa da oksitetirasaikilin na bakteriya ba sa taɓa su. Uku ne manya a hanjin tumaki. Eimeria tana kawo zawo mai duhu, wani lokaci da jini, galibi ga 'yan mako huɗu zuwa takwas, kuma irin ta tumaki ba ta kama mutum. Giardia duodenalis tana da rukunai takwas, daga A zuwa H, wasu na dabba zalla, wasu mu da dabba muke tarayya a kansu. Sai Cryptosporidium, wadda Ernest Tyzzer ya fara bayyanawa a 1907 a cikin ɓeraye, mai buge 'yan tumaki a makonni ukun farko na rayuwa. Ƙwanta bai wuce maikiromita 4 zuwa 6 ba (maikiromita dubu ne ke yin milimita ɗaya). Jinsuna uku da aka fi samu a tumaki, wato C. parvum da C. xiaoi da C. ubiquitum, ba ka iya raba su da ido komai kyan madubinka. Kama da wane ba ta wane: ta farko fitinanniya ce ga yara, ta biyu kusan a tumaki da awaki ta tsaya, ta uku ana samunta a mutane jefi-jefi.

Kafin ka fita

Zauna ka yanke shawarar abin da kake so ka sani, domin shi ke faɗa maka yawan dabbobin da za ka taɓa. In so kake ka tabbatar ko ƙwayar tana cikin wani babban garke, kuma kana zaton ɗaya cikin goma na ɗauke da ita, dabba 29 sun isa ka kama aƙalla ɗaya da tabbacin 95%. In kuwa yawan yaɗuwarta a yanki guda kake so ka auna, ba ka da wani ƙiyasi na baya, lissafin da aka saba yana ba da dabba 384, kuma sai an ƙara a kai tunda 'yan garke ɗaya cuta ɗaya suke sha. Kada ka je kasuwar Adumri ko ta Bogo ka ɗebi na ragunan layya ka ce ka auna yanki. Manyan raguna masu lafiya ake kaiwa kasuwa, cutar kuwa tana gida wurin 'yan jarirai da uwayen da suka haihu kwanan nan.

Ka nemi izinin hukumar kiwo ta yankin, ka bi ta wurin mai unguwa ko arɗo, ka gaya wa mai dabba abin da za ka yi da lokacin da za ka dawo masa da amsa. Sannan ka daidaita da ɗakin gwajin da zai karɓi kayanka tun kafin ka ɗebo. A arewacin Kamaru akwai LANAVET, babban ɗakin gwajin dabbobi na gwamnati, a Bokle kusa da Garwa, da makarantar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ngaundare. A Chadi akwai cibiyar binciken kiwo ta IRED a Farsha, cikin Injamena. Tambaye su kai tsaye ko suna da firaimomin da aikinka ke bukata, wato guntayen DNA masu nuna yankin da za a kwafa, don samun injin PCR mai kwafar DNA daban, samun firaimar Cryptosporidium daban.

A turke

Tun ran gini ran zane. Yawancin binciken da na ga ya lalace a nan ya lalace, ba a gaban inji ba.

Daga duburar dabba ake ɗiba, ba daga ƙasa ba. Kashin da ya taɓa ƙasar turke ya gauraya da na kaji da na akuya da na yaran gida, in ka sami rukunin A na Giardia a ciki ba ka da bakin cewa daga tunkiya ya fito. Wani ya riƙe dabbar a tsaye, ka sa sabuwar safar hannu, ka shafa wa yatsa ruwa ko ɗan man shafawa na asibiti, ka zura a hankali. Giram 5 zuwa 10 ya isa ga babba. Ɗan jariri kuwa ƙaramin yatsa za ka sa, ko ka ɗan shafa bakin duburar ka tara abin da ya fito, ko giram ɗaya ne ya wadatar. Kowace dabba da safarta. In kwalabe sun ƙare, juya safar ta baibai da kashin a ciki ka ƙulle bakinta, ta zama jaka.

Rubuta lamba da fensir a kan takardar da ke manne da kwalbar. Alƙalamin tawada ba abin yarda ba ne a aikin nan, domin ɗigon etanol ɗaya yana wanke shi tas. Na taɓa karɓar kula cike da kwalabe daga hannun wani ɗalibi da ya sha wahalar tafiya ƙauyuka, murfi ɗaya ya kwance a hanya, lambobin kusan rabinsu suka goge. DNA ɗin yana nan lafiya, amma ba wanda zai iya cewa wanne ne na ɗan mako biyu, wanne ne na tsohuwar tunkiya. Har yau ina jin zafin wannan asarar a madadinsa. A littafinka kuma ka rubuta shekaru ko kwanakin dabbar, irinta, ko uda ce ko balami ko 'yar ƙaramar nan ta kudu, yanayin kashin, inda take shan ruwa, ko tana kwana da maruƙa, da maganin da aka ba ta kwanan nan. Batun maruƙa kada ka tsallake shi, su ne babban rumbun C. parvum.

Wani abu da bai shafi PCR ɗinka ba amma ya fi shi gaggawa: in ka tarar da zawo tare da zazzaɓi, majina, kwantsa da gyambo a baki, manya da ƙanana duk suna kwance, ka yi zaton annobar PPR, cutar bairus mai saurin yaɗuwa a tumaki da awaki, ka sanar da likitan dabbobi na gwamnati a ranar.

Giardia ba kullum take zubar da ƙwai ba, yau akwai gobe babu. In dabba ɗaya kake bibiya, ɗebi sau uku cikin 'yan kwanaki kafin ka ce ba ta ɗauke da ita.

Yadda za ka kai shi gida bai lalace ba

A watan Maris da Afrilu zafin Garwa da Marwa yana haura digiri 40, kashi a leda cikin mota yana fara ruɓewa kafin azahar. Kula mai ƙanƙara dole ce. In za ka isa ɗakin gwaji cikin kwana biyu, sanyin firji na digiri 4 ya isa. In tafiyar ta fi haka, raba kowane samfur gida biyu tun a wurin. Rabi ka nutsar da shi a etanol mai ƙarfin 70% zuwa 96%, etanol ɗin ya ninka kashin sau uku ko huɗu, ka farfasa ƙwallayen don ya ratsa. Wannan na DNA ne. Ɗaya rabin ka sa a ruwan fotasiyam daikiromet 2.5%, wato giram 25 a lita ɗaya, wanda ke hana bakteriya yaɗuwa ya bar ƙwan da rai. Guba ne mai iya jawo kansa, kada ya taɓa fata, kada a zubar da shi a kwata.

Fomalin kuwa ka nisanta shi da duk samfurin da za a yi wa PCR. Da yawa daga cikinmu da shi aka koya mana adana kashi, kuma don duban madubi yana da kyau, amma yana ɗaure DNA yana kakkarya shi. Wanda ya kawo samfur a fomalin ya yi aikin baban giwa.

Madubi tukuna

Kayan PCR da tsada suke, daga waje ake kawo su, saboda haka duban madubi ba ɓata lokaci ba ne. Dama kashin da ruwa, tace da ƙyallen bandeji, ka wulwula a injin santirifuj ka zubar da ruwan sama. Shafa kaɗan a gilashi, ka rina da rinin Ziehl-Neelsen da aka sassauta: ƙwan Cryptosporidium zai fito ja-ja, ɗan kewayayye, a kan fili kore ko shuɗi. Giardia ana taso da ita da ruwan zink salfet 33% a ɗiga mata aidin. Eimeria ruwan gishiri ko na sukari mai kauri yana taso da ita, a ƙirga da gilashin McMaster. Sai dai ka sani, madubi yana kuskure masu ƙwai kaɗan, kuma manyan tumaki galibi kaɗan suke zubarwa. In ka ce sai wanda madubi ya gani za ka yi wa PCR, to jinsunan da ke zuba da yawa kawai za ka kama, hoton garken ya karkace. In kuɗi ya isa, a yi wa duka.

Fasa ɓawo, ciro DNA

Nan ne gumi yake. Ƙwan Cryptosporidium yana da ɓawo mai taurin da ke jure sinadarin kulorin na ruwan famfo. Wannan taurin ne ya sa a 1993 ta bi ruwan sha ta kwantar da mutum kusan 403,000 a birnin Milwoki na Amurka. Ɓawon da ya gagari kulorin ba zai buɗe don ka zuba masa ruwan kit, wato kwalin sinadaran ciro DNA da ake saye, ka girgiza ba.

Fara da wanki. Daikiromet da etanol duk suna hana PCR aiki. Zuba ruwa tsarkakakke, wulwula, zubar da na sama, ka maimaita sau uku ko fiye, har launin ruwan lemon nan na daikiromet ya ɓace gaba ɗaya. Daga abin da ya kwanta a ƙasa ka ɗauki kimanin miligiram 200. Kada kwaɗayin samun DNA mai yawa ya sa ka ƙara. Kashin mai cin ciyawa cike yake da gishirin ɗaci na matsarmama da ragowar tsirrai masu shaƙe enzayim, wato sinadarin da ke aikin kwafar DNA, yawan kashi yawan masu shaƙewa.

Hanyar fasawa biyu ce. In akwai injin girgiza da 'yan duwatsun gilashi, irin wanda ake amfani da shi da FastDNA SPIN Kit da aka yi don samfurin ƙasa, shi ya fi sauri. In babu, a daskarar a narkar: daga matsanancin sanyi zuwa ruwa mai zafi, a koma, sau biyar ko fiye. Ruwan naitirojin ya fi, amma firiza mai kyau ma tana yi in ka ba ta lokaci ya daskare sosai kowane zagaye. Bayan nan sai ka bi takardar kit ɗinka, misali QIAamp na kashi, ka ɗaga zafin matakin narkarwa zuwa digiri 95 kamar yadda takardar ta yarda ga halittu masu taurin ɓawo. A ƙarshe ka sauke DNA ɗin da ruwa kaɗan, maikirolita 50 zuwa 100, don kada ya tsinke. Raba shi kwalba biyu, ɗaya ta aiki, ɗaya ta ajiya a digiri 20 ƙasa da sifili.

Cikin kowane rukunin da ka ciro, sa kwalba ɗaya da babu kashi a ciki, ruwa zalla, ta bi duk matakan tare da sauran. Ita ce za ta tona asiri in wani abu ya tsallaka daga kwalba zuwa kwalba.

PCR mai hawa biyu

PCR, dabarar da Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, kwafi ce: ana zaɓar ɗan yanki na DNA a ninka shi har ya kai yawan da ido zai gani. Firaima guntayen DNA ne guda biyu masu nuna wa enzayim Taq inda zai fara da inda zai tsaya. Ga Cryptosporidium, yankin da aka fi dogara da shi shi ne 18S, da tsarin da Lihua Xiao da abokan aikinsa suka wallafa a 1999. Hawa biyu ake yi. Na farko yana kwafo yanki mai tsawon haruffa kusan 1,325 (da haruffa huɗu, A da C da G da T, ake rubuta DNA). Sai a ɗebi maikirolita ɗaya ko biyu daga abin da ya fito a sa a hawa na biyu da wasu firaimomi na ciki, su fitar da kusan 830.

A kwalba mai maikirolita 25, haɗin da aka saba shi ne 12.5 na haɗaɗɗen ruwan Taq mai ninki biyu, rabin maikirolita na kowace firaima mai ƙarfin maikiromola 10, ɗaya ko biyu na DNA, a cike da ruwa. A hawan farko ka ƙara furotin BSA har ya kai nanogiram 400 a kowace maikirolita. Shi ke tsotse masu shaƙe enzayim, kuma sau da yawa shi ne bambancin samun layin DNA a ƙarshen gwaji da rashinsa. Inji kuma: digiri 94 na minti 3, sannan zagaye 35 na digiri 94 daƙiƙa 45, digiri 55 daƙiƙa 45, digiri 72 minti ɗaya, a rufe da digiri 72 na minti 7.

Ƙarfin hawa biyu shi ne kuma hatsarinsa. Buɗe kwalbar hawan farko yana iya sakin ɗigon da ido ba ya gani, mai ɗauke da miliyoyin kwafi, ya sauka a kwalbar maƙwabciya. Don haka wurin haɗa ruwa daban, wurin zuba DNA daban, wurin buɗe abin da aka kwafa daban, kowanne da fifet ɗinsa na ɗibar ruwa da rigarsa, kuma tafiya gaba kawai ake yi: wanda ya taɓa jel na duba sakamako da safe ba ya komawa haɗa ruwa da rana. A yi amfani da bakin fifet mai matata. A kashe fanka lokacin buɗe kwalabe, na san da zafi, amma minti goma ne. Lokacin hunturu a rufe tagogi saboda ƙura. A goge tebur da ruwan javel, wato bilicin wanki, da aka tsinka kashi ɗaya cikin goma, domin etanol ba ya lalata DNA, share shi kawai yake daga nan zuwa can.

Kowane gudu yana bukatar shaidu uku. Shaidar akwai, wato DNA da aka san yana da ƙwayar. Shaidar babu, wato ruwa a madadin DNA, a kowane hawa. Da kwalbar nan ta ruwa da ta bi matakan ciro DNA. Shawarata, shaidar akwai ta zama jinsin da ba ka sa ran samu a tumaki, kamar C. hominis ta mutane. In ka wayi gari tumakinka duka sun fito da haruffanta sak, ka san daga ina ɓarnar ta zo.

Batun wuta kuma, kowane hawa yana cin awa biyu zuwa uku. In aka ɗauke wuta a tsakiya, gara a sake daga farko. Haɗa injin da batir ko sola kafin ka danna. Inda firiza ba ta da tabbas, busasshen haɗin PCR da ke jure zafin ɗaki ya fi ruwan Taq da ya narke ya daskare sau goma.

Jel

A jel ne wutar lantarki ke jera guntayen DNA bisa tsawonsu, su fito layi-layi: jel na agaros 1.5%, maikirolita 5 na abin da ya fito daga hawa na biyu, tsanin awo mai matakin haruffa 100 a gefe, wuta bolt 100 na kusan minti 45, a duba a hasken UV da kariyar ido. In rinin etidiyam buromaid ne, da safar hannu. Kafin ka kalli samfuranka, kalli shaidu. Layi a shaidar babu yana nufin gudun duka ya tashi a banza, ruwa ba ya tsami banza, sai a canza ruwa da firaima a wanke wuri. Rashin layi a shaidar akwai yana nufin haɗin ne bai yi ba, ba tumakin ne ke da lafiya ba. In madubi ya ga ƙwai jingim amma PCR ya yi shiru, tsinka DNA ɗin ɗaya cikin goma ka sake. Sau da yawa layin zai fito, don ka tsinka masu shaƙewar ne tare da shi.

Karanta sunan

Layi a 830 ya gaya maka dangi ne kawai. Don sanin jinsi, tsohuwar hanya ita ce yanka abin da aka kwafa da enzayim SspI da VspI, a ƙara da MboII ga na dabbobi masu tuƙa, a kwatanta guntayen. Tana da sauƙin kuɗi, amma ga tumaki ba ta ƙoshar ba. C. xiaoi da C. bovis ta shanu sun yi kusa ƙwarai a 18S, har kafin a raɗa wa ta tumaki suna a 2009 ana kiranta mai kama da bovis. Saboda haka a tura a karanta jerin haruffan ta hanyar Sanger, gaba da baya. Galibi waje ake aikawa, to ka nemi takardun izini da wuri, domin Kamaru tana da dokar 2021 kan fitar da albarkatun halitta, bisa Yarjejeniyar Nagoya.

In amsa ta dawo, kada ka kwashi haruffan ka zuba a BLAST, manhajar intanet mai kwatanta jerin DNA, kai tsaye. Buɗe hoton da ya zo da amsar, inda kowane harafi ke fitowa kamar ɗan tsauni, ka duba da idonka. Yanke farko da ƙarshe inda suka cakuɗe. In ka ga tsauni biyu a kan juna a wurare da yawa, mai yiwuwa dabbar jinsi biyu take ɗauke da su, abin da ba baƙo ba ne a garken da ke shan ruwa ɗaya da shanu da awaki. Haɗa na gaba da na baya, sannan ka kwatanta da na GenBank, rumbun jerin DNA na duniya. Wanda ya zo a saman jeri ba lalle shi ne daidai ba, akwai tsofaffin ajiya masu sunan kuskure, saboda haka ka kwatanta da jerin da aka tabbatar na kowane jinsi, ka zana bishiyar dangantaka a manhajar MEGA.

In C. parvum ce, aiki bai ƙare ba, yanzu ma aka zo wurin da ya shafi jikan dattijuwar nan. Sai a sake PCR mai hawa biyu a kan wani yankin DNA da ake kira gp60, wanda ke ba da haruffa 800 zuwa 850, a karanta. Sunan zuri'a daga cikin haruffan ake ƙirgo shi. Ɗauki IIaA15G2R1, wadda ta yi suna a maruƙa a ƙasashe da dama. IIa shi ne gidan. A15 na nufin TCA ya maimaitu sau 15, G2 na nufin TCG sau 2, R1 na nufin ACATCA sau ɗaya a bayansu. Da fensir ake ƙirgawa a kan takarda, uku-uku, a sa wani ya sake ƙirgawa. Gidan IIa da na IId su ne masu yawo tsakanin dabba da mutum, IId kuma an san shi da tumaki da awaki. Gidan IIc kusan na mutane ne zalla. Firaimomin gp60 na C. parvum ba sa kama sauran biyun: C. ubiquitum tana da nata, gidanta na dabbobi masu tuƙa shi ne XIIa, C. xiaoi ma tana da nata, gidajenta suna farawa da XXIII.

Ina nanata wannan mataki ne saboda adalci ga makiyayi. Babban binciken GEMS da aka wallafa a 2013, wanda ya haɗa da Mali da Gambiya da Kenya da Mozambik, ya sa Cryptosporidium cikin manyan abubuwa huɗu masu jawo wa ƙananan yara gudawa mai tsanani. Amma abin da aka fi samu a yaran Afirka kudu da Sahara shi ne C. hominis da C. parvum ta gidan IIc, wato daga mutum zuwa mutum. Wanda ya ga ja-ja a gilashi ya fita yana shelar tumaki na kashe yara, bai karanta gp60 ba, ya ɗora wa mai kiwo laifin da wataƙila na masai da rijiya ne. Wanda kuma ya sami IId a turken da yara ke rarrafe ya yi shiru, shi ma ya ci amana.

Giardia da sauran

Giardia da wuri ɗaya ba a yanke mata hukunci. Ana karanta yankunan DNA uku: tpi mai kusan haruffa 530, bg mai 511, da gdh mai 432 ko 530 gwargwadon firaimar. DNA ɗinta yana da yawan G da C, yana wuyar buɗewa, ƙara sinadarin DMSO 5% a haɗin PCR yana taimakawa. A tumaki rukunin E aka fi samu, na dabbobi masu kofato. A da B su ne na tarayya da mutum, kuma cikin A ma akwai AI da aka fi gani a dabbobi da AII da aka fi gani a mutane. Kada ka yi mamaki in tpi ya ce A, bg ya ce E a samfur ɗaya. Gauraye ne, firaima kowacce ta kama wanda ta fi so. Rubuta shi a matsayin gauraye, kada ka zaɓi wanda ya fi daɗin bugawa.

Eimeria kuwa jinsunanta a tumaki sun haura goma, biyu ne masu ɓarna sosai, E. ovinoidalis da E. crandallis. Rabin samfurin da ke cikin daikiromet a zuba shi a faranti mara zurfi, iska tana shiga, a zafin digiri 25 zuwa 27 na 'yan kwanaki har ƙwan ya nuna, a auna siffarsa, a tabbatar da PCR a kan yankin ITS-1 ko 18S. A bazarar nan tamu zafin ɗaki kansa yana kashe ƙwan kafin ya nuna, sai an nemi wuri mai sanyi. Ragowar DNA ɗin yana iya amsa tambayar Blastocystis da Enterocytozoon bieneusi, wasu ƙwayoyin hanji biyu, in an sami firaimominsu daga baya, shi ya sa kwalbar ajiya take da daraja. Jerin da ka tabbatar ka ajiye shi a GenBank da sunan gari da shekarun dabbar, don wanda zai yi irin aikin a Kusiri ko Mundu ya sami abin kwatantawa.

Komawa wurin mai dabba

Amsar DNA tana ɗaukar makonni, ɗan rago mai zawo ba ya jira. Tun ranar farko a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, kada a raba shi da nono, a ware shi da uwarsa daga sauran, a tabbatar duk jaririn da aka haifa ya sha dakashi a sa'o'in farko. In madubi ya nuna Eimeria ce tare da alamunta, akwai toltirazuril da daikilazuril da amfuroliyam, likita ya auna gwargwadon nauyi. Ƙwanta sai ya kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki a ƙasa kafin ya iya kamawa, saboda haka sharar turke kullum tana yanke mata hanya. Cryptosporidium ba haka take ba, tana fitowa a shirye, kuma ba ta da maganin da ke kawar da ita tas a tumaki. Abin da ke kashe ƙwanta shi ne bushewa da tafasasshen ruwa, javel ba ya yi mata komai a ƙarfin da aka saba. A kankare ƙasar saman turke, a matsar da shi inda rana ke duka, a ɗaga komin ruwa da na dusa daga ƙasa, a riƙa ƙona su da ruwan zafi.

Ranar da takardar ta fito, ka koma da ƙafarka, ka faɗa da bakin da za a gane. In C. xiaoi ce ko rukunin E, ka ce, "Inna, wannan ta dabbobi ce, hankalinki ya kwanta, a dai ci gaba da tsabtar turke." In IIa ce ko IId ko rukunin A, ka ce, "Inna, wannan tana kama mutum. A raba yaron nan da wurin tumaki, wanda ya taɓa mai zawo ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa tulu, ruwan shan yara a tafasa shi, in kuma yaro ya fara gudawa a kai shi asibiti a gaya musu abin da aka samu a turke."